Alamar Fanka

Ranar da Auta ta dawo gida da tsohon ciki, Majigi da kansa ya share mata ɗakin marigayiya mahaifiyarta. Bai bar kowa ya taɓa tsintsiyar ba. Ya kakkaɓe katifa, ya yaye saƙar gizo-gizo daga taga, ya yayyafa ruwa a daɓe har da gindin bango, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tashi ya cika ɗakin. Mijin Auta direban babbar mota ne, in ya ɗauki hanya sai dai a ga dawowarsa, shi ya sa aka ce ta zo gaban ubanta ta haihu, kusa da asibiti.

"Duk garin nan babu ɗaki mai sanyin wannan," in ji Majigi, yana jingine tsintsiya.

"Ai mai fanka ne," Auta ta ƙarasa masa. Ta tsaya a ƙofa ta ja numfashi mai tsawo, ta lumshe ido. "Kai, Baba, ƙamshin nan!"

Babu fanka a ɗakin, ba a kuma taɓa sa ta ba. Abin da suke nufi shi ne ƙasar da aka shafe bangon da ita, wadda aka ɗebo daga tsibin da ke bayan tsohon kamfanin haƙar ma'adinai, daga ƙarƙashin wani allon ƙarfe mai zanen fukafukai uku baƙaƙe a kan rawaya. Duk garin fanka suke kiran zanen. Ba fanka ba ce. Wanda kuwa ya raɗa mata sunan shi ne wannan tsohon da ke tsaye yana murna 'yarsa ta sami wurin kwana.

Sunansa na gaskiya ya daɗe da ɓata, har shi kansa sai an kira sau biyu yake waiwayawa. Ya zo garin yana saurayi, lokacin da kamfani ya buɗe rami yana tono wani dutse da ake cewa da shi ake yin wutar lantarki a ƙasashen waje, wasu kuma su rage murya su ce har da bam. Ya shiga layin neman aiki, aka dubi ƙirjinsa kamar na ɗan tsako aka ce ya koma gefe. Sai aka ba shi shara a kulob ɗin ma'aikata. A can ya ga majigi, injin nan mai haska fim a bango, ya kuwa kamu. Yana shara yana satar kallon hannun mai kula da shi, yadda yake zura fim a haƙoran injin, yadda yake goge gilashi da numfashinsa. Ranar da mutumin ya tattara ya koma ƙasarsu, babu wanda ya iya kunna abin sai mai shara.

Matsalar ita ce finafinan da wani yare suke zuwa, wanda ko manyan leburori ba sa ji sai kalmomin zagi. Mutane su zauna a benci su yi ta kallon bakuna suna motsi, can sai hamma, can sai surutu, can sai a fara jifa da ɓawon gyaɗa. Wata rana abin ya ishe shi, ya rage muryar fim ɗin, ya jawo abin magana na sanarwa, ya fara faɗin abin da mutanen bango suke cewa. Ya sani? Ina fa! Zuba kawai yake yi. Jarumi ya riƙe hannun budurwa yana hawaye, Majigi ya ce tambayarta yake ina ta ɓoye makullin kicin. Doki ya yi haniniya, ya ce dokin yana ƙorafin ba a biya shi kuɗin ƙarin lokaci ba. Wani babban leburi ya yi dariya har ya faɗo daga benci. Daga ranar, ba fim ake zuwa kallo ba, bakin Majigi ake zuwa ji.

Akwai wani gajeren fim da kamfani ya ce dole a nuna shi kafin kowane babban fim. Ba shi da launi, ba shi da jarumi, ba shi da faɗa. Wasu mutane ne cikin fararen kaya tun daga kai har ƙafa, fuska a rufe, kowa da ɗan akwati a hannu yana bin ƙasa da shi, akwatin yana kuka ƙas, ƙas, ƙas. Sai a nuna wani yana wanke hannu kafin ya taɓa abinci. Sai wani yana tuɓe takalmin aiki a bakin ƙofa. Sai wata mata ta ruga ta fizge ɗanta daga kan tsibin ƙasa. Tsakanin kowane biyu, zanen nan mai fukafukai uku ya cika bango, wata murya mai kauri tana magana a hankali kamar mai ta'aziyya.

Ya tambaya, a yi masa adalci. Ya sami shugaban kulob ya ce, ranka ya daɗe, me wannan yake cewa? Mutumin ko ɗaga kai bai yi ba, ya ce, "Kai dai ka saka." Kamfanin da ya iya jawo injin da ke haɗiye dutse daga bayan teku, ya kasa samo mutum guda da zai tsaya gaban leburorinsa ya gaya musu abin da ke cikin fim ɗin da yarensu. An ce a nuna, an kuwa nuna, shi ke nan an fita hakki. Abin haushi ne, har yau kuma haushin bai wuce ba.

To, Majigi ya saka. Ya murɗe muryar mai ta'aziyya, ya bar kukan akwatin saboda yana ba shi dariya, ya ɗauki abin magana.

"Jama'a, ga mafarautan gyare sun fito! Gyare ya hana manaja barci, an ce duk inda yake a kamo shi!"

In zanen ya fito sai ya ce, "Kun ga fanka? Duk inda kuka ga wannan, kayan sanyi ne, na manya. Shi ya sa suka zagaye shi da waya, kada talaka ya sha iska." In matar ta fizge ɗanta, sai ya siranta murya: "Taso, ɗan nema, kada mura ta kama ka!" Ba a jima ba duk kulob ya haddace. Da ya buɗe baki sai benci gaba ɗaya su amsa, maza da mata da yaran da ke kan kafaɗun iyayensu, "Kada mura ta kama ka!"

Da farko ya san ƙarya yake shararawa. Amma abin da ka faɗa kowane mako, shekara da shekaru, ɗaruruwan mutane suna amsa maka, wata rana sai ka ji shi a bakin wani ka ɗauka labari ne. Kalmar ta fita daga kulob ta shiga gari. Takalmi mai ƙarko, mai fanka ne. Yarinya kyakkyawa ta wuce, samari su ce wannan ai mai fanka ce. Majigi yana ji yana hura hanci, don babu mawaƙin da ya taɓa sa wa garin kalma irin tasa.

Da dutsen ya ƙare, kamfani ya kwashe abin da yake so ya bar sauran. Masu gadi suka watse, aka yanke waya, gari ya shiga. Aka kwashi kwano da bututu da durorin ƙarfe, wanda duk ya sami mai zanen fanka sai ya ɗora a ka yana taƙama. Sai tsibin nan na bayan masana'anta, ƙasa mai laushi ruwan toka, ta fi yashin kogi kyau, ga ta kyauta. Duk mai gini a garin ya kai baro.

Matar Majigi tela ce, mace mai ƙiba da haƙuri, wadda zafi yake wahalar da ita har ƙuraje su feso mata a wuya. Ya daɗe yana yi mata alkawarin ɗaki mai sanyi. Ya gina shi a ƙarƙashin bishiyar tsakar gida, bango mai kauri, taga ɗaya 'yar ƙarama. Da aka zo shafe, ya tura baro har gindin allon fankar kanta, don a ganinsa ta nan ce asali. Siminti kaɗan ya samu, ya ce wa magini ya cika ƙasa, ya shafa da kauri. Ɗakin kuwa ya yi sanyi, yo ga inuwa ga kaurin bango. Ta shigar da keken ɗinkinta da gadonta, ta rufe taga saboda hayaniyar titi, nan take wuni nan take kwana. Auta tana makarantar kwana a lokacin, sai hutu take zuwa.

Tari ya fara mata kamar wasa. Aka ce zaren yadi ne take shaƙa. Aka ce sanyin ɗakin ne ya yi yawa, har aka yi dariya. Matar da kujera take yi wa kaɗan ta rame har zobe ya riƙa zamewa daga yatsanta, daga baya tarin ya fara zuwa da jini. A layinsu ba ita kaɗai ba ce, amma a garin da kowa ya sha ƙurar rami, wa zai tsaya lissafin masu tari? Aka ce kwana ne ya ƙare. Majigi ya yi kuka kamar ƙaramin yaro, ya ja ƙofar ɗakin ya sa kwaɗo, bai sake buɗewa ba sai ranar da Auta ta zo.

Kafin nan silima ta riga ta mutu. Talabijin ta fara cinye ta, waya ta ƙarasa. Ranar da za a rufe kulob ya ɗauko injin da gwangwanayen fim ya kawo gida, babu wanda ya ce masa don me. Ya koma gyaran rediyo da tocila a ƙofar gida, yana ba masu wucewa dariya kyauta. Sai dai kowane wata yakan buɗe injin ya sa masa mai, ya goge gilashin da numfashinsa.

Auta ta ji daɗin ɗakin. In rana ta take sai ta shige ta ja ƙofa, ta rufe taga kamar yadda uwarta take yi. Abu ɗaya ne ya dami Majigi. Wata safiya ya shiga ɗauko mata bokiti, ya ga shafen kusurwa, can bayan kan gado, ya ɓantare, har wani ɗan rami ya fito. Ya ce ɓeraye ne. Ya ɗana tarko, tarko ya kwana da yunwa. Ya kwaɓa laka ya toshe, bayan 'yan kwanaki ya tarar an ture toshiyar, ramin ya ƙara faɗi. Ya yi ta zagin ɓerayen har kakanninsu, Auta tana gefe tana ninke kayan jariri.

Ana nan sai ga wata mata ta yi sallama da hantsi, ranar da Auta ta tafi awon ciki. Ba ta kai shekarun da za a kira ta babba ba, amma furfura ta fara mata a goshi. Kyamara a rataye, jaka a kafaɗa. Ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta dube shi ta ce, "Jama'a, ga mafarautan gyare sun fito."

Wayyo daɗi! Majigi ya ajiye rediyon da ke hannunsa ya tafa. "Ke 'yar wace ce?"

Ta ce babanta direban tifa ne a kamfani, shi yake kwasar ƙasa daga masana'anta ya juye a tsibi. A kan kafaɗarsa ta kalli fim na farko a rayuwarta. Ya rasu da daɗewa, ciwon ƙirji. Ita yanzu fim take haɗawa a kan garin da abin da kamfani ya bari, ta nemi gajeren fim ɗin nan ko'ina ba ta samu ba, aka ce in yana duniya to yana wurin Baba Majigi.

"Yana nan, 'yata, ko ƙura bai sha ba."

Aka yi sa'a akwai wuta. Da rana tsaka babu inda ya kai ɗakin Auta duhu, don haka can suka kai injin. Ta ajiye jakarta a kan gado, ya rataya bargo a taga, ya zura fim da yatsun da ba su manta ba. Injin ya yi tari ya kama. Hasken ya faɗa kan bangon nan ruwan toka, fararen mutane suka fito da akwatunansu.

Bakinsa bai jira izini ba. Ya yi mafarautan gyare, ya yi fankar manya, ya siranta murya ya yi kada mura ta kama ka, ya tsaya yana jiran amshi. Matar tana ɗaukarsa da kyamara. Ba ta amsa ba, ba ta kuma yi dariya ba, abin ya ɗan sosa masa rai.

"Baba, a sake sakawa," ta ce. "Amma wannan karon ka bar mutumin ya yi magana."

Ya mayar da fim baya. Maɓallin muryar ya ƙage don tsabar daɗewa a wuri ɗaya, sai da ya sa ƙarfi. Muryar mai ta'aziyya ta cika ɗakin, matar tana bin ta a hankali, jimla bayan jimla.

"Yana cewa, dutsen nan da ƙurarsa suna fitar da wani abu da ido ba ya gani, hanci ba ya ji. Ba ya zafi, ba ya ƙaiƙayi. Yana ratsa jiki ya yi ɓarna a ɓoye, sai bayan shekaru a gani. Akwatin nan shi kaɗai yake jin sa, in ya yi kuka to abin yana wurin. Wannan alamar tana nufin ka nisanta. Kada ka kai ƙurar gida. Kada ka zauna da ita a rufaffen wuri. Ka wanke hannu kafin ka ci abinci, don mafi muni shi ne ta shiga ciki." A bango matar nan ta ruga ta fizge ɗanta. "Yara da masu ciki sun fi kowa..."

Ba ta ƙarasa ba, ƙarshen fim ya fice daga haƙoran injin yana ta dukan iska. Majigi ya daɗe yana kallon farin hasken da ya rage a bango.

"To," ya ce, da wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba, "ai fim ne. Su ma masu fim suna ƙarawa." Ya kashe injin.

Ƙas. Ƙas-ƙas. Ƙas.

Ya dubi lasifika. Ya ce a ransa tsufa ne, wani abu ya maƙale a ciki. Ya sunkuya ya zare wayar daga bango gaba ɗaya.

Ƙas-ƙas-ƙas. Ƙas-ƙas.

Matar ta riga shi ganewa. Ta juya ta kalli jakarta da ke kan gadon Auta, ta sa hannu ta ciro wani ɗan akwati da bai fi ƙaramar rediyo ba. Ta ce tun safe take yawo da shi a titi, ta manta ba ta kashe ba, a waje jefi-jefi yake yi har ba a lura. Ta yaye bargon taga don ta ga fuskar akwatin. Ta matsa da shi kusa da bango, kukan ya ƙaru. Ta bi bangon da shi a hankali, sunkuye, daidai yadda fararen mutanen suke yi, har ta kai kusurwar da ramin yake. Nan kukan ya haɗe ya zama ɗaya, kamar ruwan sama a kan kwano.

Majigi ya ja da baya. Shekara da shekaru yana jin wannan kukan yana dariya, bai taɓa jin sa daga wani wuri ba sai daga bango mai hoto.

"Da me aka shafe ɗakin nan?"

"Mai fanka ce," ya ce. Kalmar ta fito da kanta, ya ji ta a kunnensa kamar wani ne ya faɗa.

Ta kashe akwatin. A shirun da ya biyo baya idonta ya sauka kan sabon bahon wanka da 'yan rigunan da aka ninke a kan keken ɗinki. "Wa yake kwana a nan, Baba?"

"'Yata. Ta kusa."

"Ka fitar da ita yau. Ba gobe ba."

Ya zauna a bakin gado, ya tuna inda yake zaune ya miƙe zumbur. "Uwarta ta yi shekaru a nan," ya ce. "Tari ne ya... Ke kin sani. Shi ne?"

"Ban sani ba, Baba. Ni ba likita ba ce. Tambayar da nake yi ke nan a kan babana, har yau babu wanda ya ba ni amsa." Ta ce za ta nemo waɗanda suka san aikin su zo su auna gidan da kyau. Ta ce in yana so ta jira Auta ta yi mata bayani da kanta, ta kunna mata akwatin ta ji.

Nan ne ya yi abin da bai kamata ba. Kunya ce ta kama shi, kunyar a tsaya a gaban 'yarsa a fassara mata ubanta. "A'a, 'yata, je ki. Tawa ce, ni zan gaya mata. In ba komai, baki ai sana'ata ce."

Auta ta dawo da la'asar, ƙafafu a kumbure, fuska cike da fara'a. Ta ce malamar asibiti ta ce ɗan ya kwanta daidai, sai shiri. Ta tarar da katifarta a tsakar gida, ubanta yana tsaye a ƙofar ɗakin ya tare hanya.

Ya gaya mata. Mutumin da ya sa doki ya yi ƙorafin albashi, yau ga shi yana in'ina. Ya ce wata mata ta zo. Ya ce fankar nan ba fanka ba ce. Ya ce akwai wani abu a bangon da ba a gani, ba a ji, amma yana ratsa mutum, akwai kuma akwatin da yake jin sa, ya yi kuka a ɗakin nan, da kunnensa ya ji.

Auta ta dube shi, leɓenta ya fara rawa, sai ta fashe. Ta yi dariya har ta dafa bishiya, ɗaya hannun yana tallafe da ciki. "Wayyo Baba, za ka sa in haihu a nan! Mafarautan gyare sun dawo ke nan? Sun kama shi?"

"Wallahi, Auta, ba wasa nake ba."

"Haka kake cewa a kulob. Wallahi jama'a da idona na gani." Ta kwaikwayi muryarsa tsaf, har da ɗaga hannu. Ta share hawaye. "Abin da ba a gani, ba a ji, ba ya zafi. To ina yake? Inna ta yi shekara nawa a ɗakin nan, me ya same..." Ta tsaya, ta ga ta taɓo inda ba a taɓawa, ta sassauta murya. "Yi haƙuri, Baba. Na gaji ne, bayana kamar zai tsinke. Taya ni mayar da katifar."

Da ya ƙi, ta raɓa ta gefensa ta shige. Ya ji ta shimfiɗa bargon nan a kan gado, ya ji ƙarar taga ta rufe.

Ya tsaya a tsakar gida, tsoro ya cika shi fal, irin wanda bai taɓa ji ba ko ranar da matarsa ta fara tofar da jini. Matar mai akwati ta tafi, shi ya sallame ta. Ko da ya fita titi ya yi shela, amshi za a yi masa. Gaskiya ɗaya ya taɓa ɗaukowa a rayuwarsa, ta kuwa fito da muryar da gari ya saba yi wa dariya. To, tun da haka ne, bari ya koma ga abin da ya iya. Ya ja numfashi, ya ɗauki sandar tsintsiya, ya banka ƙofar.

"Auta, fito! Fito maza, kada ki taka ƙasa da ƙarfi! Ban so in tsorata ki ba ne, shi ya sa na yi ta kewaye-kewaye. Maciji ne. Baƙi, kaurinsa ya kai hannuna. Da idona na ga ya shige ramin kusurwar nan, ashe ba ɓera ba ne, shi ne yake tonawa!"

Ya yi kyau, a gaskiya. Ko a kulob bai taɓa yin wanda ya fi shi ba. Auta ta zabura ta tashi zaune, ta kalli inda sandar take nunawa. Sai ya ga kafaɗunta sun sauka. Ta sunkuyar da kai, ta rufe baki da hannu, tana wata dariyar ta daban, ta jin kunya.

"Kai Baba. Wane irin maciji? Ramin nan nawa ne."

Sandar ta tsaya a iska.

"Ni ce nake ɓantara. Ka san masu ciki da kwaɗayi, wata gawayi, wata alli. Ni ƙasar nan ce. In ban ci ba ko abinci ba ya zama min. Kunya ce ta hana ni faɗa, kana ta zagin bayin Allah ɓeraye." Ta jawo jakarta ta asibiti, ta ciro wani ɗan ƙullin leda, ta kwance. Gutsattsarin shafe ne ruwan toka, wasu da alamar haƙori. "Ka ga har can da ita na je. Wallahi garɗi gare ta."

Ta ɗauki ɗaya za ta kai baki. Ya saki sandar ya cafke wuyan hannunta, da ƙarfin da bai san yana da shi ba, har ƙasar ta watse a kan bargo. Ya buɗe baki. Babu abin da ya fito. Ya sake buɗewa, leɓunansa suna motsi kamar na mutanen bango in ya murɗe musu murya.

Auta ta jira abin dariyar. Tun da aka haife ta ba ta taɓa ganin ubanta ya buɗe baki ya rasa abin faɗa ba. Murmushin ya ɗan daɗe a fuskarta, sannan ya tafi. Ta kalli hannunsa da ke kan nata, ta kalli ramin, ta kalli bangon har sama.

"Baba?"

"Tun yaushe?" Da ƙyar ya fito, kamar raɗa.

Ta ɗora ɗaya hannun a kan cikinta.

"Tun ranar da na zo," ta ce. "Da ka yayyafa ruwan nan. Ƙamshin ne ya kama ni."